Sassauƙan Zane ko Zane Mai Juyawa: Wanne Ya Dace da Lissafin Ƙungiyarku?

Mai karatu, idan an ɗora muku riƙon rajistar bankin cimaka, ko ta asusun mata, ko ta kantin kayan noma, kun san nauyin ranar babban taro. A ranar ce mambobi suke son su ji inda dukiyarsu ta shiga. Wani zai tambayi yawan buhunan da aka sayar. Wata za ta ce a faɗa mata rumbun da ya fi ciniki. Wani kuma zai nemi sanin watan da cimaka ta fi fita. Idan sakatare ya tsaya yana juya shafukan kaye yana lalube, zargi yana iya shiga zukata ko da bai ci ko dala ba.

Ƙungiyoyi da dama a yau suna kwafe rajistarsu cikin kwamfuta, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa. Kwamfuta tana iya mayar da alƙaluma su zama zane, yadda wanda bai yi nisa a karatu ba ma zai duba ya gane. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Sai dai zanen iri biyu ne: akwai sassauƙan zane, akwai kuma zane mai juyawa. A ido sun yi kama da juna, amma aikinsu ya bambanta. Wannan darasi zai nuna muku bambancin, domin ku san wanda za ku ɗauka, da kuma kurakuran da za ku kiyaye.

Mece ce takardar lissafi ta kwamfuta?

Takardar lissafi manhaja ce da ke shimfiɗa muku shafi mai layuka, kamar shafin rajista. Akwai layukan kwance, waɗanda ake ƙirgawa da lambobi: 1, 2, 3. Akwai layukan tsaye, waɗanda ake kira da haruffa: A, B, C. Inda layin kwance ya haɗu da na tsaye, nan ne gurbi. A cikin gurbi ake rubuta suna, ko kwanan wata, ko adadi.

Manhaja ta farko irin wannan da ta yaɗu a ƙananan kwamfutoci ita ce VisiCalc, wadda ta fito a Amurka a shekarar 1979. Kamfanin Microsoft ya fitar da Excel a 1985, kuma ita aka fi samu a ofisoshi. Akwai LibreOffice Calc, wadda ake samu kyauta. Akwai kuma Google Sheets, wadda aka fi aiki da ita ta intanet. Bayanin da ke tafe ya fi karkata ga Excel. Da yake yawancin kwamfutocin ofisoshinmu da Faransanci suke aiki, za mu riƙa kawo sunayen maɓallai kamar yadda za ku gan su a allon na'ura.

Misalin da za mu yi aiki da shi

Mu ɗauka akwai wata tarayyar bankunan cimaka mai rumbuna uku a jihar Maraɗi: ɗaya a Tasawa, ɗaya a Mayahi, ɗaya a Dakoro. Alƙaluman da ke ƙasa na koyo ne kawai. A tsakiyar damina, lokacin da rumbunan gida suka yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba, sakatare ya rubuta cinikin da aka yi. Kowane layi yana ɗauke da abu huɗu: wata, rumbu, irin cimaka, da yawan buhu.

1. Yuni, Tasawa, gero, 40
2. Yuni, Mayahi, gero, 25
3. Yuni, Dakoro, dawa, 15
4. Yuli, Tasawa, dawa, 20
5. Yuli, Mayahi, gero, 35
6. Yuli, Dakoro, gero, 30
7. Agusta, Tasawa, gero, 50
8. Agusta, Mayahi, dawa, 10
9. Agusta, Dakoro, gero, 45

Layuka tara ne kawai, domin ku iya bin lissafin da fensir. Rajistar gaske tana iya kai layi ɗari biyar ko dubu, amma ƙa'idar ba ta sauyawa.

Mene ne sassauƙan zane?

Sassauƙan zane shi ne wanda Faransanci ke kira graphique. Kuna zaɓen guraben da kuke so, ku shiga Insertion, ku ɗauki irin zanen da ya dace. Iri uku aka fi sani. Zanen sanduna yana kwatanta yawa: sandar da ta fi tsawo ita ce ta fi adadi. Zanen zare yana nuna hawa da sauka cikin lokaci, kamar farashin tiyar gero daga wata zuwa wata. Zanen faifai kuwa da'ira ce da aka yanka kashi-kashi, yana nuna rabon kowane abu cikin jimla. Waɗannan zane-zane sun girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Wani mutumin Sukotland mai suna William Playfair ya wallafa zanen sanduna a 1786, da zanen faifai a 1801.

Abin da ya kamata ku riƙe shi ne: sassauƙan zanen sanduna ba ya tara lissafi. Abin da ke cikin gurbi shi yake zanawa. Idan kuka zaɓi layukan nan tara kuka ce ya zana, zai fitar da sanduna tara. Sunan Tasawa zai fito sau uku, haka Mayahi, haka Dakoro. Ba wanda zai duba wannan zane ya san rumbun da ya fi ciniki.

Saboda haka sai kun fara haɗa ɗan taƙaitaccen jadawali da kanku. Ku tara na Tasawa: 40 da 20 da 50, buhu 110 ke nan. Na Mayahi: 25 da 35 da 10, buhu 70. Na Dakoro: 15 da 30 da 45, buhu 90. Jimla buhu 270. A kan waɗannan gurabe uku za ku ɗora zanen, sai ya fito da sanduna uku masu ma'ana. Wanda ya ƙware yana iya sa kwamfuta ta yi tarawar da ƙa'idar lissafi da ake kira SOMME.SI, wadda ke tara adadin duk layin da ya cika sharaɗin da aka ba ta.

To, a ce an je taro da wannan zane, sai wata mamba ta ce: “Mun ga na rumbuna. Gero nawa ne, dawa nawa ce?” Zanenku ba shi da amsa. Sai kun koma kun haɗa wani jadawalin, kun yi wani zanen. Kowace sabuwar tambaya, sabon aiki.

Mene ne jadawali mai juyawa?

Jadawali mai juyawa shi ne abin da Excel ke kira Tableau croisé dynamique. A LibreOffice sunansa Table dynamique. Ku tuna yadda ƴar kasuwa take zube kayanta a tabarma ta kasa su: yanzu ta kasa bisa iri, an jima ta sake kasawa bisa girma. Kayan suna nan yadda suke, kasawar ce take sauyawa. Haka wannan jadawali yake yi da rajistarku. Yana karanta dukan layuka, ya tara su bisa tsarin da kuka zaɓa, ba tare da ya taɓa asalin rajistar ba.

Dabarar ta fara bayyana a wata manhaja mai suna Lotus Improv a 1991. Bayan haka Microsoft ya saka ta cikin Excel 5, a farkon shekarun 1990.

Ga yadda ake kafa shi:

1. Ku danna gurbi ɗaya cikin rajistar.
2. Ku shiga Insertion, ku zaɓi Tableau croisé dynamique.
3. Ku amince a ajiye shi a sabon shafi.
4. A gefen dama za ku ga sunayen layukan tsaye na rajistarku: wata, rumbu, irin cimaka, yawan buhu. A ƙarƙashinsu akwai akwatuna huɗu.

Akwatin Lignes shi ne na abin da za a jera daga sama zuwa ƙasa. Akwatin Colonnes na abin da za a jera daga hagu zuwa dama ne. Akwatin Valeurs na adadin da za a tara ne. Akwatin Filtres kuwa rariya ce: yana barin abin da kuke so ya wuce, ya tsare sauran.

Ku jawo “rumbu” zuwa Lignes, ku jawo “yawan buhu” zuwa Valeurs. Nan take za ku ga Dakoro 90, Mayahi 70, Tasawa 110, jimla 270. Ba ku rubuta ƙa'idar lissafi ko ɗaya ba. Yanzu ku jawo “irin cimaka” zuwa Colonnes. Jadawalin zai buɗe: Dakoro gero 75, dawa 15, Mayahi gero 60, dawa 10, Tasawa gero 90, dawa 20. A ƙasa za ku ga gero duka 225, dawa duka 45. Tambayar mambar nan ta samu amsa. Idan kuka fitar da “rumbu” kuka sa “wata” a madadinsa, za ku ga an sayar da buhu 80 a Yuni, 85 a Yuli, 105 a Agusta. Wannan sauye-sauyen shi ya sa muke kiran sa mai juyawa.

Mene ne zane mai juyawa?

Zane mai juyawa, wato Graphique croisé dynamique, hoton jadawali mai juyawa ne. Ya shigo cikin Excel 2000, wadda ta fito a 1999. LibreOffice ta samu irinsa a 2017. A ɗaure yake da jadawalinsa kamar mutum da inuwarsa. Idan kuka juya jadawalin, zanen ya juya. Idan kuka tace wani abu a jikin zanen, jadawalin ma ya tace. A jikinsa akwai ƙananan maɓallai da za ku danna ku ce, misali, a nuna gero kaɗai, ko a nuna Dakoro kaɗai. Tun daga Excel 2010 akwai kuma manyan maɓallan tacewa da ake kira Segments, waɗanda suka fi sauƙin gani idan ana haska zanen a bango.

Abin lura: a Excel, idan kuka danna cikin jadawali mai juyawa sannan kuka nemi zane, mai juyawa za ta ba ku, ko da sassauƙa kuke nufi.

Amfanin wannan zane yana fitowa ne wajen bincike. Ku sa “wata” a Lignes, “rumbu” a Colonnes, ku dubi zanen. Za ku ga cinikin Dakoro yana hawa: 15, 30, 45. Na Mayahi kuwa ya tashi daga 25 zuwa 35, sannan ya faɗo zuwa 10 a Agusta, watan da ake tsananin buƙatar cimaka. Ku tace ku bar gero kaɗai: za ku ga Mayahi ba ta sayar da gero ko buhu ɗaya ba a Agusta. Me ya faru? Gero ne ya ƙare a rumbun? Mai awo ne bai buɗe ba? Ko an sayar ba a rubuta ba? Kwamfuta ba ta san dalili ba. Ta dai nuna muku wurin da za ku je ku yi tambaya. Amsar kuwa ita za ta sa kwamiti ya san yadda zai raba hatsin baɗi tsakanin rumbunan uku. Da jimlar rumbuna kaɗai kuka kalla, da kun ce mutanen Mayahi ba su da buƙata sosai, ku rage musu kaso, alhali wataƙila su ne suka fi shan wahala.

Bambance-bambance shida

Na ɗaya, wurin ɗaukar alƙaluma. Sassauƙan zane yana ɗauka kai tsaye daga guraben da kuka nuna masa. Zane mai juyawa yana ɗauka daga jadawalinsa, jadawalin kuma daga rajista.

Na biyu, tarawa. Kafin ku yi sassauƙan zane, ku ne za ku tara. A zane mai juyawa, kwamfuta ce take tarawa. Tana iya ba ku jimla, wato Somme, ko ƙidayar layuka, wato Nombre, ko matsakaici, wato Moyenne.

Na uku, sauya tambaya. Sassauƙan zane tambaya ɗaya yake amsawa. Zane mai juyawa yana amsa tambayoyi da yawa daga rajista ɗaya.

Na huɗu, gyara. Idan kuka sauya adadi a gurbin da sassauƙan zane yake kallo, sandar za ta motsa nan take. Jadawali mai juyawa na Excel kuwa yana ɗaukar kwafin rajistar ya ajiye a ƙwaƙwalwarsa, kuma da wannan kwafi yake aiki. A yawancin sigogin Excel da ke ofisoshi, ba zai ga gyaranku ba sai kun umarce shi da ya sabunta. A Google Sheets jadawalin yana sabunta kansa.

Na biyar, irin zanen da ake iya yi. Zane mai juyawa na Excel yana yin sanduna, da zare, da faifai. Amma ba ya yin zanen ɗigo-ɗigo da ake kira Nuage de points, ba ya yin na Bulles, ba ya yin na Boursier. Zanen ɗigo-ɗigo shi ake amfani da shi don a ga ko abu biyu suna tafiya tare, kamar yawan ruwan sama da yawan damman da gona ta bayar. Mai son wannan sai ya koma ga sassauƙan zane.

Na shida, ƴancin ƙari. A sassauƙan zane kuna iya haɗa alƙaluma daga shafuka dabam-dabam, ko ku ƙara zare guda da ke nuna burin da kwamiti ya sa wa kansa. Zane mai juyawa ba ya karɓar gurabe daga waje. Abin da ke cikin jadawalinsa kaɗai yake nunawa.

Kurakurai biyar da ke ɓata lissafi

Kuskure na farko: mantawa da sabuntawa. A ce ma'aji ya gano cewa a layi na 7 buhu 60 ne, ba 50 ba, kuka gyara a rajista. Jimlar Tasawa ta gaskiya ta zama 120. Amma jadawali mai juyawa zai ci gaba da nuna 110, zanen ma haka. Idan kuka buga shi kuka kai taro, buhu goma sun ɓace a takarda, kuma ku za a tambaya. Maganin abin: bayan kowane gyara, ku danna jadawalin da maɓallin dama na linzamin kwamfuta, ku zaɓi Actualiser. Cikin zaɓuɓɓukan jadawalin kuna iya umartar sa ya riƙa sabuntawa duk lokacin da aka buɗe fayil.

Kuskure na biyu: rubuta suna ɗaya ta hanya biyu. Wannan ya zama ruwan dare a wurinmu, domin garuruwanmu suna da rubutun Hausa da na Faransanci. A ce a layi na 4 an rubuta Tessaoua maimakon Tasawa. Kwamfuta za ta ɗauka rumbuna huɗu ne: Tasawa 90, Tessaoua 20, Mayahi 70, Dakoro 90. Mai kallon zanen zai ce Tasawa da Dakoro kunnen doki suka yi, alhali Tasawa ta fi da buhu 20. Haka zai faru idan wani ya rubuta “gero”, wani ya rubuta “hatsi”, ko Zinder a nan, Damagaram a can. Ko tazarar da aka bari a ƙarshen kalma ba da sani ba tana raba suna gida biyu. Ku tsai da rubutu ɗaya ga kowane suna, ku manna jerin a bango kusa da kwamfuta.

Kuskure na uku: jerin watanni. Kwamfuta mai aiki da Faransanci ta san juin yana gaban juillet. Sunayen watanni na Hausa kuwa kalmomi ne kawai a wurinta, sai ta jera su bisa haruffa: Agusta, Yuli, Yuni. Zanenku zai nuna 105, 85, 80, kamar ciniki yana raguwa, alhali ƙaruwa yake yi. Hanya mafi kyau ita ce ku riƙa rubuta cikakken kwanan wata da lambobi, kamar 15/06/2024, sannan ku nemi jadawalin ya tattara ranakun wata-wata da umarnin Grouper. Idan kun fi son sunayen Hausa, ku sa lamba a gaba: 06 Yuni, 07 Yuli, 08 Agusta.

Kuskure na huɗu: cakuɗa kalma da adadi. A layin yawan buhu ku rubuta 40 kawai. Kada ku rubuta “buhu 40”, kada ku rubuta “babu” a wurin sifiri. Idan kwamfuta ta tarar da kalmomi a layin adadi, takan koma ƙidayar layuka a maimakon tarawa. Sai ku ga Tasawa 3, Mayahi 3, Dakoro 3. Ku duba akwatin Valeurs: idan Nombre aka rubuta alhali jimla kuke so, ku gyara rajistar, ku mayar da shi Somme. Haka kuma kada ku haɗa ma'auni biyu a layin tsaye ɗaya. Idan wani ciniki da tiya aka yi shi, wani da buhu, ku mayar da su ma'auni guda kafin ku shigar.

Kuskure na biyar: sababbin layuka da suka faɗa waje. Lokacin da kuka kafa jadawalin, rajistar ta tsaya a wani layi. Idan kuka ƙara cinikin Satumba a ƙasa, jadawalin yana iya ƙin ganin sa ko kun sabunta, domin iyakar da aka nuna masa ba ta kai can ba. Sassauƙan zane ma yana da wannan matsala. Tun daga Excel 2007 akwai magani mai sauƙi: kafin komai, ku zaɓi rajistar, ku shiga Insertion, ku danna Tableau. Daga nan iyakar za ta riƙa faɗaɗa da kanta duk lokacin da kuka ƙara layi.

Sirrin mambobi amana ne

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Idan aka danna wani adadi sau biyu a jere cikin jadawali mai juyawa, Excel takan buɗe sabon shafi ta zubo dukan layukan da suka haɗu suka ba da wannan adadi. Wajen bincike wannan alheri ne: kuna danna 70 na Mayahi, ku ga layuka ukun da suka haife shi.

Amma ku tuna rajistar bashi tana ɗauke da sunayen mutane da abin da ake bin kowa. Ko kun goge shafin rajistar kafin ku aika fayil ɗin, kwafin nan da jadawalin ya ajiye yakan tafi tare da shi. Wanda ya karɓa yana iya danna sau biyu ya ga sunan duk wanda ya ci bashin hatsi bai biya ba. Wannan yana iya zubar da mutuncin magidanci a garinsu, ya kuma sa mutane su guji bankin. Idan za ku aika sakamako ga wanda ba ɗan kwamiti ba, ku mayar da shi PDF, ko ku aika hoton zanen kaɗai, ko ku buga a takarda.

To, wanne za ku ɗauka?

Ku ɗauki jadawali da zane masu juyawa idan rajistar tana da tsawo, sunaye suna maimaituwa, kuma ba ku riga kun san abin da za ku tarar ba. Sun dace da zaman kwamiti, inda ake ta jefo tambayoyi ana son amsa nan take. Sun dace kuma da rahoton da ake maimaitawa kowane wata daga rajista ɗaya.

Ku ɗauki sassauƙan zane idan alƙaluman kaɗan ne kuma an riga an tara su, kamar farashin tiya na watanni goma sha biyu. Shi ya dace idan saƙo ɗaya kuke son isarwa, ko za ku haɗa alƙaluma daga wurare biyu, ko kuna son zanen ɗigo-ɗigo. Shi ya fi dacewa da takardar da za a manna a ƙofar rumbu.

Sau da yawa aikin yakan buƙaci duka biyun, ɗaya bayan ɗaya. Ku fara bincike da mai juyawa har ku gano abin da ya kamata mambobi su sani. Sannan ku kwafe sakamakon, ku je wani shafi, ku manna adadin kaɗai ta hanyar Collage spécial, ku zaɓi Valeurs. A kan wannan kwafi za ku ɗora sassauƙan zane. Ku sani cewa kwafin ya rabu da rajistar: idan an yi gyara daga baya, sai kun sake kwafewa. Don haka ku rubuta ranar da aka yi shi a ƙasan zanen.

Kafin ku kai zane gaban jama'a

1. Ku sabunta jadawalin.
2. Ku duba ko an bar wata rariya a kunne. Zanen da aka tace ya bar gero kaɗai zai nuna 225, mai kallo ya ɗauka jimlar ciniki ke nan.
3. Ku gwada babbar jimla da abin da ke cikin kayen ma'aji. Idan ba su yi daidai ba, kada ku buga sai kun gano dalili.
4. Ku ba zanen take da Hausa, wanda ya faɗi abin da ake aunawa, da ma'auni, da lokaci. Misali: “Buhunan da kowane rumbu ya sayar, Yuni zuwa Agusta.”
5. A zanen sanduna, ku tabbata ma'aunin ya fara daga sifiri. Idan ya fara daga 60, sandar 110 za ta ninka ta 70 sau biyar a ido, alhali ko ninki biyu ba ta kai ba.
6. Idan firintarku baƙi da fari take bugawa, ku sa adadi a kan kowace sanda, domin launuka za su yi kama da juna.
7. Ku nuna wa mutum ɗaya da bai san lissafin ba, ku ce ya faɗa muku abin da ya gani. Idan bai gane ba, ku sauƙaƙa zanen.

Aikin gwaji

Ko ba ku da kwamfuta a kusa, kuna iya koyon wannan dabara a ajin yaƙi da jahilci. Ku yanka ƴan takardu tara, ku rubuta layi ɗaya na misalinmu a kan kowace. Ku kasa su bisa rumbu, ku tara kowane kashi, ku rubuta. Ku tattara su, ku sake kasawa bisa wata. Ku sake kasawa bisa irin cimaka. Kowane karo jimla ta zama 270. Abin da hannunku ya yi shi ne aikin jadawali mai juyawa. Sannan ku ɗauki kashi ukun na rumbuna, ku zana sanduna uku a allo, kowane buhu goma ya zama taƙi ɗaya: Tasawa taƙi 11, Dakoro 9, Mayahi 7. Wannan shi ne sassauƙan zane.

Ranar da kuka samu zama gaban kwamfuta, ku shigar da layukan nan tara, ku bi matakan da aka bayyana a sama, ku gwada sakamakon da na takardunku. Bayan haka ku sauya Tasawa ɗaya ta koma Tessaoua, ku danna Actualiser, ku ga abin da zai faru da sandunan. Idan kun gane wannan, sai ku ɗauko rajistar ƙungiyarku ta gaske ku fara da cinikin wata ɗaya.